Ritan: ragar da ba ta hura iska, kuma ba lalacewa ta yi ba

Tun da dillalan gidaje suka koma tallata hajarsu ta bidiyo a Facebook da TikTok, kalmar "ritan" ta shiga bakin kowa. Sai ka ga mutum ya ɗaga waya sama, ya nuna wata faffaɗar raga a jikin silin, ya ce ga ritan nan, ita ke shigo da iska mai daɗi daga waje. Duk sa'ad da na ji haka sai raina ya sosu, don a juye ya faɗi aikinta.

Ritan ba ta shigo da komai, zuƙa take yi. A gidan da aka sa esi na bai ɗaya, wanda bututu ke raba sanyinsa ɗaki-ɗaki, raga iri biyu ce: mai hurowa da mai zuƙewa. Ta biyun ita ce ritan. Iskar ɗakin take ja, a tace ta, inji ya sanyaya ta, ya sake turo ta. Iska ɗaya ce ke ta kewayawa. In kana shakka, kara fallen tishu a jikin ragar. In ya manne, ritan ce.

Kalmar Turanci ce, ma'anarta komawa, kuma ba a wajen sanyaya gida aka haife ta ba. A yankunan sanyi na Amurka, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, ana girke ƙaton murhun kwal a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, manyan bututu sun fito daga kansa kamar rassan kuka. Ba fanka, ba lantarki. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta hau ɗakuna da kanta. In ta huce ta yi nauyi, ta sauko ta kwanta a daɓe, ta zurara ta wata babbar raga da aka shimfiɗa a ƙasa, ta koma wurin murhu. Cikakken sunan da suka ba ragar ke nan: hanyar komawar iska mai sanyi. Daga baya aka ƙara wa murhun fanka, daga baya kuma aka ɗora esi a kan bututun, amma ragar tana nan a ƙasa inda kakanni suka bar ta.

To ga mai gini a Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ya sauko da zane daga intanet, ya kwafe har da raga a gindin bango. Wane sanyi yake son kwashewa? Mu zafi ne ya dame mu, shi kuwa can ƙarƙashin silin yake taruwa, don haka sama ta fi dacewa da ritan ɗinmu. Dubi esin bango da kowa ya sani: ta sama yake zuƙa, ta ƙasa yake hurowa. Mai aikin silin da ya matse saman esin da ado don ɗaki ya yi kyau, maƙogwaro ya shaƙe masa.

Amma a ganina gardamar sama ko ƙasa ba ta kai matsalar ƙofa ba. Gidaje da yawa ritan ɗaya gare su, a falo ko a koridor. Dare ya yi, kowa ya ja ƙofarsa ya kulle. Inji yana ta cusa iska cikin ɗaki, ba ta da hanyar komawa, sai ta sulale waje ta gefen taga. Can a koridor kuma ritan ba ta samun abin da ya ishe ta, sai gidan ya riƙa jawo iskar waje ta kowace kafa, da zafinta da ƙurar hunturu. Maigida ya ce esi ba ya ja, a kira mai gyara ya ƙara gas, alhali gas lafiyarsa lau. Maganin shi ne kowane ɗakin kwana ya sami tasa ritan, ko a bar sarari a ƙasan ƙofa, ko a huda raga a bango. Wanda ba ya son hirar ɗakinsa ta fita, sai a lanƙwasa masa gajeren bututu ta cikin silin.

Akwai inda ba a sa ritan. Dokokin gini da ake bi a yawancin Amurka sun hana jan iska daga kicin, banɗaki da gareji, sun kuma ce a nisanta ta kimanin mita 3 daga na'urar da wutarta ke ci a buɗe. Wanda ke ajiye janareta a gareji ya san dalili, gubar da ke cikin hayaƙinsa mai kisa ce, kuma ba ta wari. Kada kuma a manna ta kusa da mai hurowa, sanyin zai fito ya koma bai taɓa kowa ba. Kada a jingina mata wadirob.

Iskar waje kuwa, in kana so, bututunta daban ake jawowa, ko ka buɗe taga. Ritan abin da ke cikin gida kawai take zagayawa da shi, ko turaren wutar uwargida ne, ko ƙaurin tukunyar da aka manta a kan wuta.