Shin allurar ciwon daji ce ke ƙarasa mara lafiya?

A Jos an daɗe ana cewa allurar daji ta asibiti guba ce. Tsoron na da dalili: maganin na kai hari kan ƙwayoyin jiki masu saurin ƙaruwa, shi ya sa gashi ke zubewa. Amma sau da yawa jinkirin zuwa asibiti ne ke kisa.

Likitoci ma sun rage wannan illa. A dajin hanta, akan cika ƙananan ƙwayoyi masu kamar yashi da magani, a tura su ta jijiyar jini zuwa ƙarin, wato kumburin dajin. Suna toshe jinin da ke ciyar da shi, suna sakin maganin a hankali, kaɗan ne ke yawo a sauran jiki.

Ku tambayi likita sunan maganin da illolinsa, ku karanta takardar cikin kwalinsa. Don Allah ku tura wa 'yan uwa.