Waiwaye: Su Wa Ke Hawa Dandali a Unguwannin Hausawan Sudan, Wa Kuma Ke Riƙe da Takarda?

Shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, duk sa'ad da Sallah ta ƙarato nakan leƙa nadi, wato kulob ɗin unguwarmu, a garin Madani bayan Isha'i in kalli samari suna gwajin wasan da za su nuna. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Mai fitowa a matsayin attajiri tela ne, yakan zo da zare maƙale a jallabiyarsa. Mai yin alƙali direban raksha ne, wato babur mai ƙafa uku. Wanda ya fi kowa sa mutane dariya kuwa agashe yake gasawa a bakin titi, ƙamshin ƙuli da hayaƙi na biye da shi har cikin fili. Sai mutum guda a kan kujera, da littafin rubutu a cinya, kowa na ce masa Ustaz. Malamin firamare ne, shi ya rubuta wasan, shi ke cewa a tsaya, a sake.

Na zaga Sinnar da Gadarif da Kasala, abin da na gani ke nan: 'yan wasa daga kasuwa da gona da makarantar allo, mai tsara wasa daga aji. Wannan rabo yana da asali.

Wasan kwaikwayo irin na dandali da labule a makaranta aka haife shi a Sudan. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, waɗanda suka fito daga cikinta suka kafa Nadin Masu Ilimi a Umdurman a 1918, a nan ne ma'aikatan gwamnati da malamai suka riƙa shirya wasanni da Larabcin littafi, sau da yawa don tara kuɗin gina makarantu. Maza ke ɗaura mayafi su fito a matsayin mata. A farkon shekarun 1930 Khalid Abu Rus ya kawo labarin Tajuj da Larabcin da mutanen gari ke yi a gida, jama'a suka ji muryarsu a dandali. Amma abin da ya fi yin tasiri shi ne makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda, kusa da Duwaim, wadda aka buɗe a 1934. A can Dakta Ahmad Tayyib ya riƙa mayar da wasannin Turawa cikin Larabci ɗalibai suna nunawa, kuma duk malamin da ya gama aka tura shi ƙauye sai ya tafi da sana'ar a aljihunsa. Shi ya sa har yau, in an ce mai tsara wasa a unguwa, malami ke faɗo wa mutum a rai. Daga baya aka gina Gidan Wasan Ƙasa a Umdurman a 1959, Faki Abdurrahman ya fara tsara kakar wasanni a cikinsa daga 1967, aka kuma buɗe makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a 1969. Tsani ya miƙe ke nan: firamare, sakandare, babbar makaranta, dandalin ƙasa, rediyo.

To ina iyayenmu suke lokacin da ake kafa wannan tsani? Wasu sun zo ne cikin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Nilu Shuɗi, aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Wasu hanyar Makka ta biyo da su, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgi, tsayuwar ta zama zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannuwansu ne suka yi tsinka da noma, da yawansu a bukkokin kambo a gefen gonakin wasu. Mutumin da ya baro ƙasarsa don gudun Nasara ba zai yi saurin miƙa ɗansa ga makarantar Nasara ba. Wanda kuma ya yarda ya miƙa sai ya ci karo da wata katanga: dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na nan tun kafin ƙarshen 1897. Ayarin Mai Wurno bayan wannan ya iso. Ba jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ba babbar makaranta, ba aikin gwamnati. Yaro mai baiwa sai ya tsaya a matakin farko yana kallon tsanin.

Ba wai ba mu san kwaikwayo ba ne. Kakanninmu sun zo da shi a ka, tare da allo da tasbaha. Yaron da ya yi tashe a azumi, ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda yana rangaji kamar tsoho, ya riga ya san yadda ake shiga jikin wani, ya san lokacin da zai dakata a yi dariya, ya san gidan da za a ba shi hatsi da gidan da za a kore shi. Yarinyar da ta kwana tana jin kakarta na sauya murya, nan tsamin bakin Gizo, nan ta Ƙoƙi, ta sami darasin da ake biyan kuɗi a koya. Tsofaffinmu na ba da labarin 'yan kama, masu kwaikwayon malamai suna wa'azi a kan tuwo da miya. Makarantar allo kuwa, wadda a nan ake ce wa halwa, ita ta ba su hadda da ɗaga murya. Telan nan da na ambata sau biyu kawai ake karanta masa rabonsa, ya riƙe. Na taɓa jin Ustaz ya ce masa, "Kawu, ba haka na rubuta ba." Ya amsa, "Na sani, Ustaz. Amma attajirin unguwar nan ba ya ce wa mai binsa bashi ba ni da shi. Cewa yake, bari yaro ya dawo daga kasuwa." Ustaz ya yi shiru, ya ɗauki biro ya gyara takardarsa. Ni a wurina wannan shi ne tsara wasa, ko da ba a taɓa kiran telan da sunan ba.

Mata kuwa hanyarsu ta fi ƙunci. A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kasala, iyayenta mutanen Sakkwato, mahaifinta malami ne kuma bai so waƙarta ba, duk da haka muryarta ta fita a Rediyon Umdurman a shekarun 1940, ta buɗe wa matan Sudan ƙofa. Amma a unguwanninmu, yarinya takan yi wasa a bikin makaranta, a yi mata tafi, da ta isa aure shi ke nan. Har kwanan nan na ga ƙato da gashin baki ya yafa tobe ya fito a matsayin uwar gida, kamar ana 1930.

Akwai wani ciwo da ba zan tsallake ba. Shekara da shekaru Bahaushe na fitowa a barkwancin Sudan, amma ba da bakinsa ba. Wani ne zai karya Larabci, ya mayar da namiji mace, a tuntsire da dariya. Yaranmu da suka kai ga dandalin gasar makarantu sun koyi goge harshensu tas don kada a gane su, wasu har ba sa so a ji suna Hausa a bayan labule. Ƙungiyar Kwoto, da 'yan Kudu mazauna Hartum suka kafa a 1994 suna wasa da raye-raye da harsunansu, ta nuna cewa ana iya hawa dandali ba tare da an ajiye harshen uwa a bakin ƙofa ba. A daidai wannan zamani kaset-kaset na Kano suka fara isowa ta hannun fatake da alhazai. Su ma can daga ƙungiyoyin wasa na unguwa abin ya taso, don Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990. Ranar da muka zauna a gidan kallo muka ji ana faɗa da sulhu da neman aure da Hausa a talabijin, wani abu ya motsa a zukatan samari. Daga nan aka sami sabon mai tsara wasa wanda bai bi ta aji ba: mai ɗaukar bidiyon biki, daga baya kuma duk mai waya da shafin Facebook.

Ƙungiyoyin agaji ma sun shigo da nasu, da bita ta kwana uku ko mako, a kan allurar rigakafi ko kaciyar mata ko zaman lafiya. Sun horar da wasu, ban musa ba. Sai dai su ma mai takardar makaranta suke zaɓa ya jagoranta, saƙon kuma a rubuce yake zuwa daga ofis. Bayan rikicin jihar Nilu Shuɗi na Yulin 2022, da aka kashe mutanenmu aka kori dubbai daga gidajensu, na ga wasannin sulhu da aka kawo daga waje, kalmominsu masu kyau, amma ba wanda ya tambayi waɗanda suka kwana a daji yadda za a faɗi abin.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya watsa kowa. Madani ta faɗi a Disambar 2023, muka bazu. A wata makaranta a Gadarif da aka cika da masu gudun hijira na sake haɗuwa da telan, ba keke, ba shago. Ustaz ya yi wata ƙasa da iyalinsa. Da yamma sai na tarar telan ya tara yara a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya ja layi a ƙasa da sanda ya ce nan ne dandali. Wasan a kan layin karɓar abinci ne, da Hausa da Larabci a cakuɗe yadda muke magana. Ba takarda a hannunsa. Ya tsayar da wata yarinya ya ce, "'Yata, kin ga yadda innarki ke ɓoye kwano a bayan mayafi in ta hango wanda ta sani? Haka za ki riƙe shi. Sake shigowa."