Dakashi ba gurɓataccen nono ba ne

Har yanzu akwai masu kiwon da ke tatse dakashi, wato nonon farko bayan dabba ta haihu, su zubar, wai kaurinsa ne ke sa jariri zawo. Wannan kuskure yana kashe 'ya'yan dabbobi a banza.

Maraƙi, ɗan tunkiya da ɗan akuya duk ana haifarsu ba garkuwar jiki, domin mahaifar uwarsu ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa jininsu. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa shi ke kawo musu. Hanjin jariri kuwa ya fi zuƙar su a awa 6 na farko. Bayan awa 24, ƙofa ta kusa rufewa.

In ya kasa kama nono, a tatsa a mazubi mai tsabta, a ba shi kaɗan-kaɗan da ɗuminsa.