Ma'anar "ista eg" a finafinan katun

Kwanan nan duk wanda ya yanko guntun katun ya ɗora a TikTok sai ka ji ya ce ya gano "ista eg". Masu tura finafinai a waya, daga Mabera har Runjin Sambo a Sakkwato, su ma kalmar ta shiga bakinsu. Abin haushi, yawancin abin da suke nunawa kuskure ne tsagwaronsa, an dai sa masa babbar riga.

Ista eg abu ne da masu fim suka ɓoye da gangan don mai lura ya tsinta. Sunan ya samo asali daga bikin Ista na Kirista, inda a Turai da Amurka ake ɓoye ƙwai masu launi yara su bi suna nema. A kamfanin wasannin bidiyo na Atari aka fara kiran irin wannan ɓuya da sunan, bayan Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗakin sirri cikin wasan Adventure, saboda kamfanin ba ya rubuta sunayen masu ƙirƙira masa wasanni.

Ka ɗauki A113. Lambar wani aji ce a makarantar CalArts da ke Kalifoniya, inda masu shirya finafinan katun John Lasseter da Brad Bird suka yi karatu. Ita ce lambar motar mahaifiyar Andy a Toy Story na 1995. A Finding Nemo na 2003 tana jikin kyamarar mai nutso. A WALL-E na 2008 kuwa ta daina ɓuya, ta zama lambar umarnin da ya hana mutane komawa duniya, kuma a ganina daga nan ta tashi daga ista eg, ta koma labari. Kamar baduku ne ya buga alamarsa a cikin jakar fata, inda sai mai buɗewa zai gani. Karkataccen ɗinki a bayan jakar kuwa ba wanda zai kira shi alama.

Shi kuskure daga rabon aiki yake fitowa. Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce, fim mai minti 90 kenan hoto 129,600, kuma an raba fitowa-fitowa ga mutane daban-daban. Wannan ya sa kofi a hannun dama, wancan ya sa shi a hagu, ko mai tacewa ya cire fitowar da aka ga an sauya hannun. Gwajin ba wuya: tsayar da fim ɗin, ka duba ko abin yana nuni ga wani fim, wani mutum ko wani wuri. In bai nuna komai ba, mantuwa ce.

Bayan ista eg da kuskure, sai abu na uku, "kurakuran" 'yan katun da ake jerawa a ƙarshe lokacin da sunaye ke wucewa, irin na A Bug's Life na 1998. Ɗan katun ba ya tuntuɓe, ba ya manta magana. Rubuta su aka yi, aka ɗauki murya, aka zana, da kuɗi. Da yawa a Sakkwato ba su ma taɓa ganinsu ba, don kwafin da ake turawa sau da yawa an datse masa wutsiya saboda ya yi sauƙin nauyi. Kafin ka bar shagon mai tura fim, ja fim ɗin zuwa ƙarshe ka ga ko sunayen suna nan.