Yaƙe-yaƙen Kabi

Yaƙe-yaƙen Kabi su ne jerin faɗace-faɗacen da aka gwabza tsakanin Kabawa da daular Usmaniyya, wato Sakkwato da Gwandu, tun daga faɗuwar Birnin Kabi a 1805 har shigowar Turawan Ingila a farkon ƙarni na 20. Fagen fama shi ne kwarin Gulbin Kabi, wanda yawancinsa yau yake cikin Jihar Kebbi, sai kuma ƙasashen Arewa (wato ƙasar Arawa) da Zabarma da Dandi. Abin da ke sa a riƙa waiwayar waɗannan yaƙe-yaƙe shi ne yadda ƙaramar ƙasa, wadda babban birninta Argungu bai fi tafiyar kilomita 100 daga Sakkwato ba, ta kwashe fiye da shekara hamsin tana cin gashin kanta a tsakiyar daular da ta kai har Adamawa da Ilori. Masu tarihi sun rataya wannan a kan abu uku, ko da yake sun saɓa a kan wanda ya fi nauyi: ƙarfin mayaƙa da yanayin ƙasa, jagorancin sarakuna, da gudunmawar maƙwabta.

Tushe: zamanin Kanta

Kabi ta san mamaya tun kafin jihadi. Littafin Tarihin Sudan na Sa'adi ya kawo cewa Kanta, mai mulkin Leka wanda ya kafa daular Kabi, ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, a kan hanyar dawowa suka ɓata a kan rabon ganima, wajen 1516, Kanta ya ɓalle. Rundunar da Askiya ya tura ba ta iya komai ba. Wani Askiyan, Muhammadu Benkan, ya sake gwadawa a shekarun 1530, ya sha mummunan kaye. Daga gabas kuma Barno ta kawo yaƙi har Surame, birnin Kanta da aka gina ganuwarsa da duwatsu. Labarin baka ya ce Kanta ya sa an jera gawawwaki bisa ganuwa, an tsattsaga musu baki kamar masu dariya, Barebari suka hango, suka ɗauka birnin cike yake da mutanen da ko a jikinsu, suka janye. Daga nan ne aka ce an samo "dariya ba loto". Sultan Muhammadu Bello ya rubuta cewa Kanta ya bi su har wajen Nguru, a hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina. Ana sa rasuwarsa tsakanin 1554 da 1561.

Ƙarfin ya ja baya a ƙarni na 17. Azbinawa suka ƙwace Adar wajen 1674, daga baya Gobir da Zamfara da Azbin suka haɗu suka yi wa Kabi rubdugu. Aka bar Surame, Sarki Tomo ya koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18.

Shekarar 1805

A watan Afrilun 1805 rundunar jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo, ta ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere, aka naɗa Usman Masa, ɗan sarautar Kabi da ya riga ya yi mubaya'a. Shehu ya sauka Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita.

Ƙarshen shekarar Gobirawa da Azbinawa da mutanen Hodi suka haɗa runduna guda suka nufo kwarin. A nan aka sami saɓanin da littattafan jihadin da kansu ba su ɓoye ba. Wasu shugabanni na ganin a tsaya a kāre gida, wasu na ganin a fita a tare su. Aka fita. A kan hanya mayaƙa suka afka wa Kwalda, garin da ba a gaba da shi, suka washe. Abdullahi da Bello suka ce a koma, don rundunar da ta ƙi jin magana a gaban dukiya ba za ta ji ba a gaban mashi. Aliyu Jedo ya dage a ci gaba. A Alwasa aka yi karo, jama'a suka sha kashi, an ce sun rasa mutum wajen dubu. Usman Masa ya juya baya ya koma wa 'yan'uwansa. Masu nasara suka bi har Gwandu, suka yi kwanaki suna kai hari, amma ƙasar can mai duwatsu ce, ba ta ba dawaki da raƙuma fili ba, 'yan baka suka karya su. Taron dangin ya watse, kowa ya kama gabansa, aka kashe Usman Masa ba da jimawa ba. Shekara mai zuwa aka kewaye Gwandu da ganuwa.

Hodi da Karari

Hodi ya yi shekara ashirin yana yaƙin sari-ka-noƙe daga garuruwa irin su Augi da Argungu da Kimba, har aka kashe shi wajen 1826. Ƙanensa Sama'ila Karari ya zauna Argungu. (Masu son fassara sunaye na cewa daga "a yi gungu" sunan garin ya fito.) A 1831 Bello da Sarkin Gwandu Muhammadu Wani suka kewaye garin, suka cinna wa rufin gidaje wuta da kibau, mutane suka buɗe ƙofa. Karari ya fice ya nufi Zabarma, aka cim masa a Galewa. Ruwayar Argungu ta ce da ya ga ba mafita sai ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai, ya jira ajali. Aka kai ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato.

Tawayen 1849

Nabame ya yi shekaru goma sha a hannun Sakkwatawa, ya yi musu yaƙi da Gobirawa, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince masa ya koma gida. A 1849 ya yi tawaye, kuma kafin ya ɗaga tuta sai da ya ɗaura alkawari da Arawa da Zabarmawa da Dandawa, waɗanda su ma suka gaji da biyan Gwandu.  Ya tayar da wuta a wurare da yawa lokaci ɗaya, har Sarkin Gwandu Halilu ya rasa wadda zai fara kashewa. Aka ci Silame, ribaɗin da ke tsare hanyar Sakkwato. Bature matafiyi Barth, da ya sauka Gwandu a 1853, ya tarar hanyoyin yamma ba sa biyuwa sai da rakiya.

Shekaru goma na farko sun ci sarakuna. An harbe Nabame wajen 1854. Yusufu Mainasara da ya gaje shi ya mutu a hannun mutanen Sarkin Gwandu Haliru a 1859, shi kuma Haliru Kabawa suka kashe shi a 1860.

Mayaƙa, makamai da fadama

Ta fuskar yawa Kabi ba ta taɓa kusantar abokan gabarta ba, kuma makaman ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Akwai barade masu mashi da takobi da garkuwar fata. Akwai 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri, wasu da sulke a ciki da kwalkwali a ka. Aikinsu fasa sahu. Mafi yawa su ne dakaru, musamman 'yan baka, masu shafa wa kibiya dafin da ake dafawa da 'ya'yan kwankwani. Bindigogi kaɗan ne, irin na ɗuri, amfaninsu ya fi yawa wajen firgita doki. Babu igwar da za ta rusa ganuwa.

Inda Kabi ta fi ƙarfi shi ne wurin zamanta. Gulbin Kabi yana malala cikin fadama mai faɗin kilomitoci. Ruwan yakan cika daga tsakiyar damina, ya daɗe bai janye ba, bayan ya janye kuma ya bar tafkuna da laka. Doki mai ɗauke da lifidi ba ya ratsa irin wannan wuri: ƙafa ta nutse, auduga ta sha ruwa ta ninka nauyi, mahayi ya zama abin harbi. Kabawa kuwa masunta ne da manoman shinkafa, sun san kowane mashigi, suna da jiragen ruwa. Saboda haka babbar runduna ba ta iya zuwa sai an gama kaka ƙasa ta bushe, kuma dole ta juya kafin ruwan shuka, tunda yawancin dakarun manoma ne da aka tara da umarnin sarakunansu. Watanni kaɗan ke nan, mafi yawansu cikin zafin bazara.

Garin da ya shirya wa kewaye yakan yi abubuwa sanannu. Ana gyara ganuwa da sabon yaɓe bayan damina, a yashe gwalalo, a bar sarƙaƙƙiya ta yi duhu a bayansa don kada doki ko mai tsani ya matso. Ana kwaso hatsin ƙauyuka a zuba a rumbunan cikin gari, a shigo da dabbobi, abin da ba a iya ɗauka ba a ƙone. Mai kewaye sai ya wayi gari da dubban dawaki masu neman harawa da dawa da ruwa kullum, a ƙasar da aka share. Masu fita neman ciyawa su ne ake fara yi wa kwanton ɓauna. Da guzuri ya ƙare sai rundunonin da suka zo daga nesa su fara neman sallama. Raunin garin shi ne wuta: rufin ciyawa ne, iskar hunturu na kaɗawa, kibiya guda mai ɗauke da tsumma mai ci ta isa. Abin da ya ci Argungu ke nan a 1831. Maganinsa kwance jinkayen da ke kusa da ganuwa da tanadar ruwa a tuluna, aikin da mata da yara suka fi yi.

Sakkwato da Gwandu sun mayar da martani da ribaɗoɗi, garuruwa masu ganuwa da aka zaunar da mayaƙa a bakin iyaka, irin su Silame da Gande da Ambursa. Sun rage ɓarna, ba su hana hari ba.

Gudunmawar maƙwabta

Taimakon waje ya zo wa Kabi iri uku, kuma ba ɗaya suke ba. Na Azbinawa da Gobirawa a 1805 na ganima ne da kakar yaƙi guda. Da aka ci tura a Gwandu ya watse. Na Arawa da Zabarmawa da Dandawa daga 1849 ya daɗe, domin kowannensu na da tasa gabar da Gwandu. Zabarmawa, ƙarƙashin mayaƙa irin su Dauda Bugaram da Isa Korombe, sun karya ikon Fulanin Tamkalla a kwarin Dallol Boso, abin da ya tsare wa Argungu bayanta, ya buɗe mata hanyar dawaki da gishirin Foga. A madadin haka Sarkin Kabi ya zama uban tafiya da ake kawo wa gaisuwa, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa fitowa yaƙi. Iri na uku shi ne na Turawa.

Lafiyar Toga

Wajen 1867 Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla sulhu: an amince da 'yancin Kabi, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, bayin da aka kama ba a mayarwa. Ya yi kamar shekara takwas. Rikicin mutanen Fanna da na Giru ne ya warware shi wajen 1875.

Sama

Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon sarauta a 1883, ya yi mulki har 1915. A zamaninsa Kabi ta daina jiran a zo mata. Ana ce masa ya ƙone garuruwa casa'in na Sakkwato da Gwandu. Adadin na mawaƙa ne da 'yan fada, amma ɓarnar ba a musunta ta. Sau biyu Sarkin Musulmi ya taso da kansa: Umaru ɗan Aliyu a tsakiyar shekarun 1880, sai Abdurrahman, mai laƙabin Ɗanyen Kasko, wajen 1892, da rundunonin da aka kira daga masarautu daban-daban. Duka biyun sun koma ba nasara. Ruwayoyin Argungu sun fi jaddada cewa Sama ba ya son a rufe shi cikin ganuwa, ya fi son ya fita fili tare da dawakin Zabarma da Arewa tun maharan ba su gama kafa sansani ba.

Yaƙin na 1892 ya bar baya da ƙura a wani wuri mai nisa. Tukur, ɗan Sarkin Kano Muhammadu Bello, ya nuna bajinta a gaban Abdurrahman a Argungu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka ba shi sarautar Kano a 1893 aka tsallake Yusufu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, abin da ya haifar da Basasar Kano.

Zuwan Turawa

Bafaranshe Monteil ya ratsa Argungu a 1891. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja iyaka a kan takarda, mil 100 kewaye da Sakkwato, aka sake gyara ta daga baya. Sama ya karɓi Ingilishi ba tare da faɗa ba, suka ajiye sojoji a Argungu a 1902, kuma wani rukuni daga can ya shiga rundunar da ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ya tsira da gadonsa, Argungu ta zama masarauta mai zaman kanta. Amma Zabarma da babban ɓangaren Arewa da Dandi, wato ƙasashen da suka riƙe Kabi shekara hamsin, sun faɗa hannun Faransa, suna cikin Jamhuriyar Nijar a yau.

Saɓanin ruwayoyi

Rubuce-rubucen Sakkwato da Gwandu na kiran Kabawa masu warware alkawari, Argungu na kiran abin yaƙin ƙwatar gida. Wasu masana na ganin raunin Gwandu bayan Halilu ya fi ƙarfin Kabi tasiri.

Bayan yaƙi

An ɗinke ɓarakar a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. An yi masa kamun kifi a gulbi don girmamawa, kuma daga wannan ziyara ake ƙirga farkon bikin kamun kifi na Argungu. Tsohon gidan sarautar garin ya zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, inda aka ajiye masu da takubba da kwari da baka da tambura. Kufan Surame yana cikin Jihar Sakkwato.