Waiwaye: Yadda Darasin Kwamfuta da Kariyar Yara a Intanet Suka Haɗu a Ajin Firamare

Koyar da ƙananan yara kwamfuta ya girmi intanet ɗin da muka sani a yau. A shekarar 1967, Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo a Amurka, wani harshe na bai wa kwamfuta umarni da aka tsara domin yara. Yaro kan umarci wani ɗan kunkuru, wato alama a kan allo ko ƙaramar na'ura mai tafiya a ƙasa, ya yi gaba taku kaza, ya juya dama, kunkurun kuma ya bar zane a bayansa. A ganin Papert, yaro ne ya kamata ya juya kwamfuta yadda yake so, kuma idan zanen ya karkace, neman inda kuskuren yake shi ne ainihin karatun. A Birtaniya ma, kwamfutar BBC Micro da ta fito a 1981 ta shiga makarantu da dama da irin wannan manufa.

Tafiyar ba ta ɗore a haka ba. Cikin shekarun 1990 darasin ya koma koyon buga rubutu da cika jadawali, wato shirya yaro domin aikin ofis, aka bar tambayar yadda na'urar take aiki.

Batun kariya kuwa ta wata ƙofa dabam ya shigo, kuma 'yan majalisa ne suka buɗe ta, ba malamai ba. A 1998 Amurka ta kafa dokar COPPA, wadda ta hana shafukan intanet tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensa; daga nan ne dandali irin su Facebook suka samo iyakar shekara 13, wadda kowa ya san yara suna tsallake ta ta hanyar ƙara wa kansu shekaru. A 2000 wata doka ta wajabta wa makarantun da ke karɓar rangwamen intanet na gwamnati su sa matatar da ke toshe shafukan batsa. A 2004 aka fara Ranar Kariya a Intanet a Turai, wadda ake yi duk watan Fabrairu. Dokokin biyu sun ɗauki yaro a matsayin wanda za a kange, babu ruwansu da abin da ya sani.

Shirin bai wa kowane yaro kwamfutar cinya, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005 da alkawarin na'urar dala 100, ya nuna illar raba abubuwan biyu, wato darasin kwamfuta da kariyar yara. A 2007 aka ba da rahoton cewa ɗaliban wata firamare a Abuja sun shiga shafukan batsa da kwamfutocin shirin, sai daga baya aka yi maganar sa matata. A ƙasar Peru kuma, binciken da aka fitar kan shirin a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba. An raba kayan aiki, an manta da wanda zai tsaya a gaban allo.

Rahoton da masaniyar halayyar ɗan Adam Tanya Byron ta miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2008 ya sauya akalar muhawarar. Ta kawo misalin wurin ninkaya: ana sa ƙofa da alamun gargaɗi da masu ceto, amma duk da haka ana koya wa yara iyo. Bayan shekara huɗu, ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta soki yadda ake koyar da darasin kwamfuta, Estoniya kuma ta fara koyar da rubuta manhaja tun daga ajin farko. A Satumban 2014 Ingila ta shigo da sabon tsarin karatu wanda ya haɗa ɓangarorin biyu tun daga shekara 5: yaro ya koyi jera umarni da gyara kuskure, ya kuma koyi ɓoye bayanansa da sanin wanda zai kai wa ƙara idan ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, ta sauƙaƙa ɓangaren farko, domin yaro yana harhaɗa tubalan umarni ne maimakon rubutu. A ganina haɗin ya yi daidai, saboda yaron da ya san cewa mutum ne ya tsara abin da allo ke nuna masa ya fi saurin tambayar dalilin da ya sa ake neman sunansa ko hotonsa.

Matsalar ita ce na'urar ta riga ta bar aji ta koma wayar hannu a gida, inda matatar makaranta ba ta kaiwa. UNICEF ta ce a 2017 ɗaya cikin uku na masu amfani da intanet yaro ne, kuma rufe makarantu saboda korona a 2020 ya tura har 'yan aji ɗaya karatu ta allo. Malamin firamare, wanda galibi shi kaɗai ke koyar da duk darussan ajinsa, an ɗora masa wannan nauyi ba tare da isasshen horo ba. Shi ya sa wasu gwamnatoci suka koma ga hani. Ostareliya ta zartar da doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a shafukan sada zumunta, amma dokar ta ƙyale manhajojin aika saƙo da wasannin intanet, alhali a can ne yaran firamare da yawa ke fara magana da mutanen da ba su sani ba.