Daga Gindiri zuwa Bukuru: yadda horas da fastoci ya sauya a arewa

Babana mai bishara ne, shekara uku ya yi a wata makarantar Baibul ta Hausa, kuma in yana ba mu labarin wurin maganar gona ta fi ta aji yawa. Kowane ɗalibi ana yanka masa fili, da safe karatu da yamma fartanya, matarsa kuma tana ajin mata ana koya mata karatu da waƙa da ɗinki da yadda za ta riƙe zumuntar mata idan aka tura su ƙauye. Haka aka yi akasarin masu aikin Ubangiji na farko a ƙasar nan.

Abin ya samo asali ne tun zuwan turawan mishan. Ƙungiyoyinsu suka yi ta zuwa, 'yan SIM sun sauka Legas a 1893, Karl Kumm da 'yan SUM suka kafa zango a Wase a 1904, Dokta Miller na CMS ya zauna Zariya daga 1905 kafin a koma Wusasa a 1929, 'yan CBM kuma suka fara a Garkida a 1923. Gwamnatin turawa ta taƙaita musu wa'azi a ƙasashen sarakuna, shi ya sa aikin ya fi ƙarfi a Filato da kudancin Zariya da Adamawa, inda in ka yi tafiyar yini ɗaya sai ka ratsa yare uku ko huɗu. Hausa ce ta haɗa su, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da ita aka yi ta koyarwa a makarantar Baibul ta Kagoro da ta Gindiri, wadda SUM ta buɗe a 1934.

Amma fa turawan sun yi jan ƙafa wajen miƙa aiki. Sai a 1938 reshen SUM na Ingila ya naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, wato shekara 34 bayan Wase. Kafin nan mutum zai shekara ashirin yana wa'azi yana binne matattu yana koyar da abacada, amma baftisma da jibin Ubangiji sai an jira bature ya zo rangadi.

Da 'yancin kai ya matso sai lissafi ya canza. An kafa ekklisiyar ECWA a 1954, aka kafa tarayyar ekklisiyoyi ta TEKAS a 1955, wadda daga baya ta zama TEKAN, yara kuma sun fara fitowa daga makarantun boko suna zama malamai da akawu da nas-nas, suna zaune a benci suna jin wa'azin mutumin da bai gama firamare ba. Wannan ne ya haifar da kwalejin tauhidi ta TCNN, wadda ta fara aji a Gindiri a 1959 da Harry Boer a matsayin shugaba kafin ta tare a Bukuru, karatu da Turanci, har da Helenanci da Ibrananci. Katolika suka buɗe babbar seminaren St Augustine ta Jos a 1967, ECWA ta buɗe tata seminaren, JETS, a 1980. Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi, wanda ya rasu a 1975 yana ɗan shekara 39, ya yi ta nanata cewa ekklisiyar Afirka na buƙatar malaman tauhidi nata na kanta masu zurfin ilimi, kuma gaskiya ya faɗa, ni kam ban taɓa ganin laifin digiri ba.

Abin da ke min ciwo shi ne ramin da ya buɗe tsakanin faston Hausa da faston Turanci. Mai digiri a kai shi gari, gidan siminti da sujada biyu ranar Lahadi, mai satifiket ɗin Hausa a kai shi inda baikon sati ba ya sayen mudu biyu na masara. Wata shekara an turo mana wani saurayi aikin gwaji, yaro mai ladabi ga ilimi, ya rubuta wa'azinsa da Turanci yana juyawa a kan bagadi yana ta tuntuɓe da kalmomi, bayan an tashi wata tsohuwa ta kama hannun babana ta ce, Malam, yaron nan ya sani fa, amma ka sake faɗa mana da bakinka. Shekara huɗu ya yi yana karatu ba wanda ya sa shi ya yi wa'azi ko sau ɗaya da harshen mutanen da zai yi kiwo.

Sannan zamani ya zo da abin da ba ya cikin manhaja. Daga rikicin Kafanchan na 1987 zuwa na Jos a 2001, fasto ya zama mai shiga tsakani, shi ne zai zauna da liman da mai unguwa, shi ne zai tare matasa a ƙofar coci su ajiye abin da ke hannunsu. A watan Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi kusa da Mubi, hedkwatar Ekklisiyar 'Yan'uwa (EYN) da makarantar Baibul ta Kulp, ɗalibai da malamai suka watse cikin daji. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu a seminaren Good Shepherd ta Kaduna, aka kashe Michael Nnadi ɗan shekara 18, a Janairun dai aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika. Wanda ya fito makaranta yau gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira zai tarar, da iyalin da ke neman kuɗin fansa, ga kuma samari da waya a hannu suna kallon masu wa'azin arziki dare da rana suna tambayarsa me ya sa shi bai da mota.

An fara motsawa, ba zan hana su yabonsu ba. Makarantu da dama suna koyar da sanin Musulunci da zaman lafiya, EYN ta yi ta shirya bita kan warkar da raunin zuciya bayan 2014. Sai dai yawanci darasi ɗaya ne a zango ɗaya, gonar ɗalibai ta zama tarihi a wurare da yawa, ajin matan fastoci ma ya yi sanyi alhali matar fasto ce mata ke fara kai wa kuka. Majami'ar ƙauyen da babana ya fara aiki shekara biyu kenan ba fasto, duk wanda aka rubuta sunansa sai ya nemi a canza masa wuri saboda hanya ba tsaro, wani dattijo ne da tsohon Littafin Waƙoƙi da tabarau ɗaure da zare yake bi da sujada, jibin Ubangiji kuwa sai an jira rabaran ya zo daga gari.